Gidajen Gem a Tambuwal da Kebbe: Wace Na'ura Ke Ciyar da Mai Shago, Wacce Ke Cinye Masa Jari?

Sai an idar da sallar la'asar gidan gem yake fara motsi. Shago ɗaya ne, ko rumfar kwano da aka kewaye da langa-langa, da benci biyu ko uku, da talabijin jere a jikin bango, sai ƙaramin janareta a waje an ɗaure shi da sarƙa. 'Yan firamare ne ke fara zuwa da canjin da suka tara tun safe, kuma wurin zamansu sananne ne, gaban PS2. Bayan magariba samari su karɓe wurin: 'yan kabu-kabu da suka ajiye babur, masu cajin waya, ɗaliban sakandare da aka yi wa hutu. Wasan da aka kalla jiya a gidan kallon ƙwallo shi ake sake bugawa yau, sai dai wannan karon wanda ƙungiyarsa ta sha kashi yana da damar ramawa da hannunsa.

Mai kallo daga waje zai ga wasa ne kawai. Mai shagon kuwa yana kallon na'urori huɗu ko biyar da ya zuba duk jarinsa a kai, kowace da halinta. Wata tana kawo kuɗi kullum ba ta taɓa ciwo ba. Wata tana jan jama'a amma tana shan wuta kamar na'ura biyu. Wata kuma ta fi daɗewa a hannun mai gyara fiye da a kan teburinta. Tambayar wacce za a riƙe, wacce za a sayar, wacce za a mayar kayan gyara, ita ce ke raba gidan gem da ya shekara biyar da wanda aka rufe kafin damina ta zagayo.

A Tambuwal da Kebbe tambayar ta fi nauyi fiye da yadda take a Kano ko Kaduna. Tambuwal tana kan babban titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega, tafiyar kimanin kilomita 100 daga babban birnin jihar. Kebbe ta fi shiga ciki, can kudu, inda jihar ta yi iyaka da Kebbi da Zamfara. A wuri irin wannan, na'urar da ta lalace ba a gyara ta da yamma a dawo da ita da dare. Sai an biya kuɗin mota, sai an jira, kuma duk ranar da teburin ya kwana babu kowa a gabansa, asara ce.

Lissafi yana farawa daga wuta

Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kuma zuwa Oktoban 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Wutar Kaduna Electric, kamfanin da ke raba lantarki a jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, ba abin da mai sana'ar dare zai jingina da shi ba ne. Saboda haka gidan gem a wannan yanki ɗayan biyu ne: ko yana tafiya da janareta, ko yana tafiya da sola. Kuma na'urar da ta dace da na farko ba lallai ta dace da na biyu ba.

A ɗauki ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Da wuya ya sha ƙasa da rabin lita a awa, kuma bambancin shansa tsakanin tebur ɗaya da tebur uku bai taka kara ya karya ba. A ce lita naira 900 ce. Ke nan kowace awa naira 450 ta ƙone, ko akwai masu wasa ko babu. A ce kuma, don misali kawai, ana biyan naira 100 a wasa ɗaya. Wasan ƙwallo, idan aka haɗa da zaɓen ƙungiya da jera 'yan wasa da gardamar da ba ta ƙarewa, yana cin kusan minti 15, wato wasa huɗu a awa, naira 400. Tebur ɗaya bai ma biya man da ya sha ba. Na biyu ne zai cike giɓin har a fara ganin riba, riba mai kauri kuma sai daga na uku. Ga mai janareta ke nan, abin da ya fi muhimmanci shi ne yawan teburan da ke cike a lokaci guda. Na'ura ɗaya mai tsada da kowa ke layi a kanta ba za ta cece shi ba. Na'urori uku masu matsakaicin kuɗi da duk ake bugawa su ne maganinsa.

Mai sola lissafinsa daban ne. Shi rana ba ta karɓar kuɗi, kuma ƙasar Sakkwato ba ta rasa rana. Matsalarsa batir, domin kasuwarsa da dare take ci. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da kimanin wat 2,400 na awa ɗaya a rubuce, amma idan irin na ruwa ne, wanda yake son ya daɗe masa ba ya zuƙe fiye da rabi. Abin da ya rage a hannu bai wuce 1,200 ba, inbata ma ta ci nata kason. PS4 Slim tana shan wat 80 ko kusa da haka a lokacin wasa; idan aka ƙara talabijin LED mai inci 32, teburin ya kama kimanin wat 125. PS5 ita kaɗai tana kai wa wat 200 a manyan wasanni, da talabijin ɗinta kuma, wadda ba a cika haɗa ta da ƙarama ba, ta tasam ma 260. A taƙaice, batirin da zai riƙe teburin PS4 Slim kusan awa takwas ba zai riƙe na PS5 fiye da awa huɗu ba. Mai sola yana auna kowace na'ura ne da naira nawa take kawowa a kan kowane wat da ta sha.

Akwai ɓarawon wuta da ake yawan mantawa da shi: tsohuwar talabijin mai ƙeya. Da yawa sun bar wa PS2 ita saboda hoton ya fi zama daidai a kanta, kuma ba ta jin duka. Amma sau da yawa ta fi na'urar da aka jona mata shan wuta. A kan janareta ba a lura. A kan batir kuwa, ita ce ke kashe fitilar shago tun ƙarfe tara.

Tsohuwar da ta ƙi mutuwa

PS2 ta fito a shekarar 2000, Sony ta daina ƙera ta a farkon 2013, bayan ta sayar da sama da miliyan 155, adadin da ya sa ta zama na'urar wasan da aka fi saye a tarihi. Wannan yawan shi ne sirrin daɗewarta a kasuwanninmu: kayan gyaranta ba sa yankewa, kuma kusan duk mai gyaran rediyo da DVD ya taɓa buɗe cikinta. Siririyar, wadda ta fito a 2004, ba ta shan wat 50. Abin da ya fi mutuwa a jikinta shi ne ido, wato abin da ke karanta faifai, kuma tuni aka samo hanyar kauce masa: ana zuba wasanni a filas, a kunna su ta wata manhaja mai suna OPL da ke zaune a katin ajiya. Ramin USB ɗinta tsohon yayi ne mai jan ƙafa, shi ya sa bidiyon farkon wasa yake sarƙewa, amma ƙwallo tana tafiya lafiya lau.

Wasan ƙwallo na ƙarshe da kamfanoni suka yi mata su ne FIFA 14 da PES 2014, duk a 2013. To ta yaya yaro a Dogon Daji yake samun 'yan wasan bana a PS2? Masu sha'awa ne ke gyara tsohon wasan, su sauya sunaye da riguna da ƙungiyoyi, su sake shi. Mafi shahara a wannan aiki shi ne Bomba Patch na ƙasar Brazil, wanda aka gina a kan PES 6, kuma wanda ya fara shi mai gidan gem ne a wani ƙaramin gari a jihar São Paulo, yana neman abin da zai riƙe masa kwastomomi. Damuwarsa da ta mai shago a Sanyinna iri ɗaya ce.

Kuskure ne a raina teburin PS2 don kuɗinsa kaɗan ne. Shi ke kawo ciniki a lokacin da samari ba su fito ba, shi ke ɗaukar yaron da zai zama kwastoman PS4 nan da shekara huɗu, kuma idan ya lalace gaba ɗaya, maye gurbinsa ba ya hana mai shago barci. God of War da Mortal Kombat: Shaolin Monks, duk na 2005, har yanzu suna tara yara a bayan mai bugawa.

PS3 ce a tsaka mai wuya. Ta fito a 2006, kuma ƙirar farko, mai ƙiba, tana iya shan wat 170 zuwa 200, kusan daidai da PS5, ba tare da ta ba da hoton PS5 ba. Ita ce kuma mai cutar nan ta fitila ruwan ɗorawa: ana cikin wasa ta ɗauke, ta yi ƙara sau uku, ta ƙi tashi. Yawanci zafi ne ya taɓa guntun da ke sarrafa hoto ko abubuwan da ke ba shi wuta. Masu gyara kan hura mata iska mai zafi ta farfaɗo, amma farfaɗowar makonni ce ko 'yan watanni. Duk mai irin wannan a shagonsa, gara ya sayar tun tana numfashi. Siririyar ta 2009 da ƙaramar ta 2012 sun fi sauƙin wuta da jure zafi, sai dai wasanninsu na ƙwallo sun tsaya a PES 2018 da FIFA 19. Ta yi wa yara tsada, ta yi wa samari tsufa. Ƙari a kan haka, hannunta na asali ya yi wuya, jabu ya cika kasuwa. Wanda yake da siririya mai lafiya ya ci gaba da morar ta har ta gaji, amma zuba sabon kuɗi a PS3 yau ba dabara ba ce.

Xbox kuwa labarinta gajere ne. Xbox 360 ta zo da nata ciwon, jan zobe, wanda ya sa a 2007 Microsoft ta ware sama da dala biliyan 1 don gyara tare da tsawaita garanti zuwa shekara uku. Series S ta 2020 tana da sauƙin kuɗi da sauƙin wuta, amma ba ta cin faifai, kuma ko saita ta karon farko sai da intanet. Sannan yatsun masu wasa a nan sun saba da maɓallan Sony. Saurayin da aka ci biyu da nema a hannun da bai saba ba, hannun zai ɗora wa laifi, kuma ba zai dawo teburin ba.

PS4, da jarabar PS5

Idan gidan gem yana da ginshiƙi a yau, PS4 ce. Ta fito a Nuwamban 2013, an sayar da sama da miliyan 117, saboda haka ta hannu tana ta kwararowa ta Alaba da Computer Village a Legas, ta biyo ta kasuwannin Kano da Sakkwato. Bayan EA ta rabu da sunan FIFA, inda FIFA 23 ya zama na ƙarshe, FC 24 da FC 25 duk sun fito a PS4. PES 2021, wanda shi ne na ƙarshe kafin Konami ta sauya suna zuwa eFootball, har yanzu yana da masoyan da ba sa buga komai sai shi, kuma ba ya neman intanet. Mortal Kombat 11 na 2019 ma yana kanta. A cikin ƙirarta uku, Slim ta 2016 ce ta mai shago: ta fi ta farko sauƙin wuta da ƙarancin ƙara, ita kuwa Pro ƙarin kuɗi ne da ƙarin zafi don hoton da talabijin mai inci 32 ba za ta nuna ba.

PS5 ta fito a Nuwamban 2020 a kan dala 499. Matsalar ba a dalar take ba, a nairar take. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Kuɗin PS5 ɗaya na iya sayen PS4 ta hannu biyu ko uku, kuma a lissafin janareta da aka yi a sama, teburi uku sun fi ɗaya ko da za a ninka kuɗin wasa a kanta. Akwai wani kashe kuɗin da ba a gani sai an saya: wasannin PS5 ba sa karɓar hannun PS4. Tarin hannayen da mai shago ya tara ba za su yi masa amfani ba, sai ya sayi DualSense, wanda ya fito a kan kusan dala 70 guda ɗaya.

Duk da haka ba za a ce PS5 ba ta da aiki ba. Aikinta talla ne. A gari kamar Tambuwal, inda samari ke zirga-zirga zuwa Sakkwato da Birnin Kebbi suna ganin abin da ake yayi, shagon da aka ce yana da PS5 shi ake fara leƙawa, kuma wanda ya tarar da layi a kanta yakan zauna a PS4 yana jira. Wasu wasannin ma, irin Mortal Kombat 1 na 2023, ba su fito a PS4 ba sam. Guda ɗaya ta isa wannan aiki. Kuma wanda bai gama da matsalar wuta ba, bai kai lokacin sayen ta ba.

Zafi, ƙura da kyankyaso

A takardun da Sony ke haɗawa da PS4 da PS5 an rubuta cewa a yi amfani da su a yanayin digiri 5 zuwa 35 a ma'aunin salshiyos. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafin ƙasar Sakkwato yana wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano mara silin da mutum goma sha biyar a ciki. Wato wata uku a shekara na'urar tana aiki a yanayin da ba a ƙera ta dominsa ba. Kafin bazarar kuma hunturu ya riga ya cusa mata ƙura a fanka da haƙarƙarin ƙarfen da ke fitar da zafi. Shi ya sa na'urar da ta yi shiru a Disamba take kuka kamar jirgi a Afrilu. Lokacin buɗewa a kakkaɓe, a sauya man da ke tsakanin guntu da ƙarfen sanyaya, shi ne ƙarshen Fabrairu, tsakanin tafiyar ƙura da zuwan zafi. PS5 sai an yi hattara: ita ba man shafawa ba ne a kan guntunta, narkakken ƙarfe ne, kuma idan ya zubo a kan allo ya gama da shi. Ba aikin mai koyo ba ne.

Sai kyankyaso. Masu gyara har a Amurka sun daɗe suna kuka da yadda yake son PS4 ta farko: ramukan iskarta suna da faɗi, cikin ɗakin wutarta akwai ɗumi da duhu, ya shiga ya haɗa wayoyi ya ƙone tare da ita. Shagon da ake cin gyaɗa da rake a ciki, kuma na'ura tana ajiye a ƙasa, ya shimfiɗa masa tabarma.

Amma abin da ya fi cin kuɗin gyara a gidan gem ba na'urar ba ce, hannu ne. Sandar da ake juya ɗan wasa da ita tana aiki ne da wani ɗan ƙarfe mai goga a kan zobe. Goga da ƙura suna cinye zoben, sai ka ga ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai ba a taɓa shi ba. Ko a Amurka an kai Sony kotu a 2021 kan wannan matsala a DualSense. Yanzu akwai sanduna masu aiki da maganaɗisu, waɗanda babu goga a cikinsu, kuma mai gyaran waya da ya iya dalma zai iya sauya su. Ga mai shago, darasin shi ne ya tara na'urori iri ɗaya. Mai PS4 uku yana da hannu shida da za su yi wa juna aro, wayar wuta da ta HDMI duk ɗaya, kuma hannun da ya mutu yana ba sauran maɓalli da batir. Mai PS2 da PS3 da Xbox da PS4 ɗai-ɗai yana da shago mai ban sha'awa, amma kowace lalacewa sai ya shiga mota.

Abin da masu pinball suka riga suka sani

Wanda ya yi zamani da Windows XP zai tuna wani wasa mai suna 3D Pinball Space Cadet, inda ake harba ƙwallo ta riƙa karo da abubuwa, kai kuma kana tare ta da 'yan sanduna biyu a ƙasa. Kwaikwayo ne na wata na'ura ta gaske, tebur mai rufin gilashi da ƙwallon ƙarfe, mai nauyin fiye da kilo 100, wadda sabuwarta daga kamfanin Stern na yankin Chicago take kai wa kusan dala 7,000. Babu mai kawo irin wannan Kebbe. Amma masu ƙananan gidajen pinball a Amurka da Turai sun shekara da shekaru suna fama da tambayar da ke gaban mai gidan gem, kuma amsarsu mai sauƙi ce: akwatin kuɗi ba ya ƙarya. Kowace na'ura tana ƙirga wasa nawa aka buga da kuɗin da ya shiga. Ana cire kuɗin gyara da kwanakin da ta yi a kashe, abin da ya rage shi ne hukuncinta. The Addams Family ta 1992, wadda aka ƙera sama da 20,000, har yau ana ajiye ta ba don tarihi ba, sai don tana cika akwati. Na'urar da mai gida ke so amma jama'a ba sa taɓawa, gidansa yake kai ta.

PlayStation ba ta ƙirga wa mai shago kuɗi, amma littafi mai layi na 'yan makaranta zai yi wannan aiki: shafi ɗaya ga kowane tebur, wasa nawa a rana, nawa aka kashe a gyara, kwana nawa ya yi a rufe. Wata uku sun isa su nuna abin da ido ba ya gani, musamman idan an bar yaron shago shi kaɗai da rana. Sai dai a kula da lokacin da aka yi ƙirgar. Makon sallah da daren azumi bayan tarawihi kowace na'ura gwana ce. Tsakiyar damina, lokacin da yara da samari suke gona kuma kuɗi ya yi ƙasa har sai kaka, shi ke nuna wacce ke iya riƙe kanta. A irin wannan lokaci teburin ƙwallon hannu na katako, wanda ba ya shan fetur ko ɗigo, yakan ba na'urorin lantarki kunya.

Akwai darasi na biyu a tarihin pinball. A Janairun 1942 magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya haramta ta a matsayin caca da ke cinye kuɗin 'yan makaranta. 'Yan sanda suka kwashe dubbai, aka farfasa da guduma. Sandunan tarewa, waɗanda suka mayar da wasan na gwaninta, sai a 1947 kamfanin Gottlieb ya fito da su a na'urar Humpty Dumpty, amma haramcin bai tashi ba sai 1976, bayan wani gwani mai suna Roger Sharpe ya buga a gaban majalisar birnin ya nuna ba sa'a ba ce. Shekara 34 sana'a tana ɓoye saboda sunan da ta yi. Gidan gem a jihar da ke aiki da shari'ar Musulunci tun 2000 yana tafiya a kan irin wannan siraɗi. Al'adar wanda aka ci shi zai biya ta zama ruwan dare. Amma daga ranar da 'yan kallo suka fara ajiye kuɗi a kan benci, sunan shagon ya sauya a bakin unguwa. A 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama, kuma ba kowane uba ne ke bambance shagon caca da gidan gem daga waje ba. Saboda haka zaɓen abin da za a ajiye ya haɗa da wasannin da ke cikin na'urar. GTA yana kawo kuɗi, amma dattijo ɗaya ya leƙo ya ga abin da ke kan allo, ko malamin Islamiyya ya biyo sawun ɗalibansa ya same su a nan, ya isa a kai magana gaban mai unguwa. Shagon da ke kashe talabijin idan an kira salla, yake kora masu kayan makaranta, yana sayen wani abu da ba ya cikin littafin lissafi.

Intanet, da na'urar da aka buɗe

A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga. A Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Duk wanda ya gina sana'arsa a kan wasan da sai da intanet ya gina ta a kan abin da ba ya hannunsa. Wannan ne ma ya rage wa gidan gem fargabar wayar hannu. Free Fire da Call of Duty Mobile da Dream League Soccer sun ɗauke wasu kwastomomi, gaskiya ne, amma waya ba ta ba da babban allo da abokin hamayya a gefenka da mutum goma suna ihu a bayanka.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa na'urori da yawa a irin waɗannan shaguna buɗaɗɗu ne, wato an yi wa manhajarsu kutse don su karɓi wasannin da aka kwafa. A PS4 hakan yana yiwuwa ne a wasu tsofaffin manhajoji, irin 9.00 da aka buɗe a ƙarshen 2021 da 11.00 a 2024, shi ya sa mai tsohuwar manhaja ta fi tsada a kasuwa. Mai saye ya san abin da ya saya. Kwafar wasa ba izini ta saɓa wa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. Na'urar ba ta shiga wasan intanet na Sony, sabon wasa yakan nemi sabuwar manhaja, kuma yaro ɗaya ya jona ta da wayarsa ya danna sabuntawa, ƙarin kuɗin da aka biya ya tafi, babu komawa baya.

Ita ma PS4 ɗin ranarta tana zuwa. EA ta ci gaba da yi wa PS2 wasan ƙwallo shekara bakwai bayan fitowar PS3, ta yi wa PS3 shekara biyar bayan fitowar PS4. PS5 tun 2020 take kasuwa. Mai shago a Tambuwal, inda ake tambayar sabon wasa tun makon fitowarsa, ya kamata ya fara ware kuɗin wannan rana. Na Kebbe da Kuchi yana da sauran lokaci, domin abin da ya faru da PS2 zai faru da ita: masu gyara wasa za su ci gaba da sauya mata riguna da sunaye, farashinta kuma ya sauko.

Wanda zai ƙara PS4 ta hannu a wannan tsakanin, kada ya karɓa a kwali. Ya duba lambobin da aka manna a kan sukurorin baya; idan an yage, an taɓa buɗe ta, sai ya tambayi dalili. Ya haska tocila cikin ramukan iska ya nemi ƙura da kashin kyankyaso. Ya girgiza wayar HDMI a hankali tana jone ya ga ko hoto zai ɗauke, domin ramin nan yana cikin abubuwan da suka fi karyewa. Ya shiga saituna ya ga lambar manhaja da idonsa. Sannan ya zauna a shagon mai sayarwa ya buga ƙwallo awa guda cur, da rana tsaka, fankar shagon a kashe, kunnensa a kan na'urar.